Ƙurajen fuska bayan shekara talatin: me ke kawo su, me ke maganinsu?

"Assalamu alaikum likita. Ni mace ce mai shekara 34, ina da aure da 'ya'ya biyu. Lokacin ina budurwa ban san ƙurajen fuska ba, sai ɗaya-ɗaya. Amma yau kusan shekara biyu ke nan sun addabe ni a haɓa da gefen muƙamuƙi, manya masu zafi waɗanda ba sa yin baki, kuma suna ƙaruwa idan al'adata ta kusa. Duk wanda ya tafi sai ya bar baƙin tabo. Na canza sabulu ba adadi, na sha antibayotik sau da dama, wata ƙawata ta ba ni wani man haɗi da ya yi min aiki na 'yan makonni, sannan abin ya dawo fiye da da. Don Allah me ke jawo wannan a shekaruna, kuma wane magani ne zai raba ni da su?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da fama, Allah ya ba ki lafiya. Tambayoyi biyu kika haɗa: me ya sa ƙurajen suka ƙyale ki a shekarun da aka san su da su sannan suka zo yanzu, kuma me za ki yi su tafi ba tare da sun ƙara bar miki tabo ba. Zan fi daɗewa a kan ta farko. A aikina na duba masu ciwon fata, mafi yawan matan da ke zuwa da irin labarinki ba rashin magani ne ya dame su ba. Sun shafa kuma sun sha fiye da kima. Abin da ba a yi ba shi ne a zauna a binciki abin da ke rura wutar, kuma wani lokacin yana cikin jakar da suke ɗauke da ita.

Ki fara kwantar da hankalinki da cewa ba ke kaɗai ba ce. Likitocin fata suna kiran ƙurajen da ke damun wanda ya haura shekara 25 ƙurajen manya, kuma iri biyu ne. Akwai waɗanda suka faro tun ƙuruciya suka ƙi tafiya, su ne suka fi yawa. Akwai kuma waɗanda suka fara bayan an girma, irin naki. Mata sun fi maza fama da su nesa ba kusa ba, kuma wasu har cikin shekarun arba'in, wasu ma har lokacin ɗaukewar al'ada.

Abin da ke faruwa a cikin fata

Kowace ƙofar gashi a fuska tana da wata 'yar jaka a gindinta mai fitar da maiƙo. Abubuwa huɗu ke haɗuwa su haifar da ƙurji. Jakar ta yawaita fitar da maiƙon. Matattun ƙwayoyin fatar da ya kamata su zube su manne da juna su toshe bakin ƙofar. Wata bakteriya mai suna Cutibacterium acnes, wadda dama tana zaune a fatar kowa, ta samu wuri mai maiƙo marar iska ta hayayyafa. Sai jiki ya tayar da kumburi don ya yaƙe ta. Idan toshewar ta tsaya a sama, sai a ga farin ƙurji ko mai baƙin kai. Baƙin nan ba datti ba ne, iska ce ta taɓa abin da ya toshe ƙofar ya canza launi. Idan kuwa bangon jakar ya fashe can ciki, shi ne ake samun babban ƙurji mai tauri da zafi wanda ba ya yin baki, irin wanda kika kwatanta.

Abu ɗaya nake so ki riƙe daga wannan bayani, domin duk sauran maganar a kansa take. Ƙurjin da kika gani yau da safe ya fara ne makonni da suka wuce, a matsayin toshewar da ido ba ya gani. Saboda haka duk maganin kirki aikinsa hana na gobe fitowa ne, kuma ba a yanke masa hukunci sai ya yi mako 8 zuwa 12. Wadda ke canza magani duk bayan kwana goma ba ta taɓa ba wa ko ɗaya damar yin aiki ba. Haka kuma duk abin da ya share fuska cikin kwana uku ko biyar, akwai dalilin a tuhume shi.

Neman tushen matsalar

Wurin da naki suke, wato haɓa da muƙamuƙi, da yadda suke tashi kafin al'ada, da zurfinsu, duk suna nuni ga homon, wato sinadaran da jiki ke fitarwa cikin jini don su ba gaɓoɓi umarni. Homon ɗin da ake kira androjin, wanda testosteron ke cikin danginsa, shi ke ba wa jakar maiƙo umarnin aiki. Kowace mace tana da shi, daga ƙwan mahaifa da kuma wasu ƙananan halittu da ke zaune a saman ƙoda. Amma a nan mutane da yawa ke yin kuskure. Yawancin matan da ke da ƙurajen manya, idan aka auna jininsu, homon ɗin yana daidai. Fatarsu ce ke saurin amsa masa fiye da ta wasu, kuma wannan gado ne. Shi ya sa nake tambayar kowace mai irin wannan matsala ko mahaifiyarta ko yayyenta sun yi fama da su, kuma sau da yawa amsar e ce.

To yaushe ake gwajin jini? Idan ƙurajen sun zo tare da wasu alamomi. Al'ada tana tsallake wata ko tana wuce kwana 35 kafin ta zo. Gashi mai kauri yana fitowa a haɓa, saman leɓe, ƙirji ko ƙasan cibiya. Gashin tsakiyar kai yana raguwa. Ƙiba tana taruwa a ciki, ko bayan wuya da hammata sun yi baƙi da kauri. Waɗannan suna sa a yi tunanin larurar da aka fi sani da PCOS, wadda ke haɗa rikicewar sakin ƙwai da yawan androjin da kuma rashin amsa wa insulin, homon da ke daidaita suga a jini, yadda ya kamata. Tun taron da masana suka yi a Rotterdam a 2003, ana tabbatar da ita ne idan an samu biyu daga cikin uku: rashin daidaiton al'ada, alamar yawan androjin a jiki ko a jini, da ganin ƙananan ƙullutu masu yawa a ƙwan mahaifa ta hanyar sikanin. Haihuwar 'ya'ya biyu ba ta kore ta, mata da yawa masu ita suna haihuwa. Gano ta yana da amfani fiye da gyaran fuska, domin tana ƙara haɗarin ciwon suga nan gaba. Gwajin da ake yi ya haɗa da auna homon irin su testosteron da DHEAS, wani lokacin da 17-hydroxyprogesterone, ana ɗibar jinin da safe a kwanakin farko na al'ada. Wadda ke shan ƙwayar tsarin iyali mai homon biyu ta gaya wa likita, domin ƙwayar tana ɓoye sakamakon.

Akwai yanayin da ba a jira. Idan ƙuraje suka ɓarke gaba ɗaya cikin 'yan watanni, murya ta yi kauri, gashi ya yawaita da sauri, wannan na iya zama ƙari ne da ke fitar da androjin. Ba kasafai ake ganinsa ba, amma mai irin waɗannan alamomi ta tafi asibiti a makon.

Ba ki ambaci tsarin iyali ba, kuma ita ce tambayar farko da zan yi miki da kina gabana. Hanyoyin da ke ɗauke da homon guda ɗaya tak, irin su allurar wata uku, da ashanar da ake sakawa a damtse, da robar mahaifa mai homon, suna tayar wa wasu mata ƙuraje, kuma yawanci a daidai haɓa da muƙamuƙi. Haka nan wadda ta daɗe tana shan ƙwaya mai homon biyu, idan ta daina, ƙurajen da ƙwayar ke dannewa na iya fitowa bayan 'yan watanni. Ki lissafa baya: me kika fara ko kika daina a watannin da suka gabaci farawar abin? Robar mahaifa ta tagulla ba ta da homon, ba ta da hannu a ciki.

Sai magunguna. Sitiroyid, wato magungunan kashe kumburi, na sha ko na allura, irin su prednisolone da dexamethasone, suna kan gaba, kuma ana cusa su a ɓoye cikin wasu haɗe-haɗen ƙara ƙiba da na ciwon gaɓoɓi. Akwai lithium na larurar taɓin hankali, da phenytoin na farfaɗiya, da isoniazid na tarin fuka, da yawan allurar bitamin B12. Ga maza masu ɗaga ƙarfe, allurar gina tsoka da garin furotin da ake cirowa daga madara. Idan likita ne ya rubuta miki ɗaya daga cikin waɗannan don wata larura, kada ki daina da kanki. Ki koma masa da bayanin.

Man haɗin nan

A nan hankalina ya fi tashi a wasiƙarki. Man da ya yi aiki na 'yan makonni sannan abin ya dawo fiye da da, wannan halin sitiroyid ne. Mayukan haɗi da na hasken fata da yawa suna ɗauke da sitiroyid irin su clobetasol ko betamethasone, ko an rubuta a jiki ko ba a rubuta ba. Sitiroyid yana kashe kumburi nan take, shi ya sa ƙurajen suke kwantawa, fuska ta yi haske da santsi, mutum ya ɗauka ya dace. Amma yana ƙara toshe ƙofofin gashi, yana raunana garkuwar fata, yana kuma sirantar da ita.

Ina gane irin wannan fuskar tun daga bakin ƙofa. Ƙananan ƙuraje ne jajaye ko masu ruwa, duk girmansu ɗaya, sun bazu a kumatu da goshi. Fatar tana ƙyalli, ta yi sirara har ana ganin ƙananan jijiyoyin jini a gefen hanci. Wani lallausan gashi ya fito a gefen fuska. Kuma labarin ɗaya ne: idan ta kwana biyu ba ta shafa ba, sai fuskar ta ɗau zafi da ƙaiƙayi ta kumbura, sai ta koma ta shafa ta samu sauƙi. Garin neman gira ake rasa ido a nan, domin ƙurajen asali sun fi wannan sauƙin magani.

Idan 'yan makonni kawai kika yi kina shafawa, ki daina kawai. Idan kin kai watanni, ki sa ran fuskar za ta yi bore na makonni kafin ta lafa, kuma ya fi kyau a yi janyewar a hannun likita, wanda zai iya rage ƙarfin a hankali ko ya ba ki wani maganin da ba sitiroyid ba don ya rage raɗaɗin. Mafi yawan masu komawa ruwa a mako na biyu suke komawa, lokacin da abin ya fi muni, saboda ba wanda ya gaya musu cewa haka hanyar take.

Sauran abubuwan shafawa ma a duba su. Man gashi mai kauri yana gangarowa ya toshe goshi da gefen kunne, kuma likitocin fata sun rubuta wannan tun 1970. Hoda da man kwalliya masu nauyi, musamman idan ana kwana da su, haka. Duk abin da ke gogar fata a wuri ɗaya tare da gumi yana iya tayar da ƙuraje a nan, kamar yadda duniya ta gani da takunkumin fuska a 2020. Yawan wanki da sabulu mai kaifi, da dirza fuska da abu mai kaushi, suna ƙara kumburi. Kin ce kin canza sabulu ba adadi. Sabulu ba ya maganin irin ƙurajenki, domin matsalar tana can ƙasa inda kumfa ba ta kaiwa.

Game da abinci, hujjar da ake da ita ta fi ƙarfi a kan abubuwa biyu: abincin da ke saurin ɗaga suga a jini, kamar kayan zaƙi, lemon kwalba da abin da aka yi da farin fulawa, sai kuma madarar shanu ga wasu mutane. Dukansu suna ɗaga insulin da wani ɗan'uwansa mai suna IGF-1, waɗanda ke ƙara wa jakar maiƙo ƙaimi. Tasirin matsakaici ne. Rage su na wata biyu ko uku ba laifi, amma ban taɓa ganin manyan ƙuraje masu zurfi sun tafi da canjin abinci kaɗai ba, kuma ba na son mace ta hana kanta abinci iri-iri a kan zato. Damuwa da ƙarancin barci suna tayar da ƙurajen da dama suna nan. Shan taba ma an danganta shi da yawan toshewar ƙofofi a fuskar manyan mata.

Wani lokacin kuma ba su ba ne

Akwai cututtukan da ke kama da ƙurajen fuska amma maganinsu daban. Ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi, iri ɗaya, a goshi, ƙirji da baya, waɗanda ke ƙaruwa da gumi da shan antibayotik, sau da yawa wani naman gwari ne mai suna Malassezia, kuma maganin naman gwari ne ke kashe shi. Ƙananan ƙuraje kewaye da baki da hanci da suka bar siririn fili a gefen leɓe, wata cuta ce daban da sitiroyid ke yawan jawowa. Akwai rosacea, mai sa fuska ta riƙa ɗaukar zafi da ja, wadda ake yawan kasa ganewa a baƙar fata. Wadda ke tsige ko aske gashin haɓa kuma, gashin na iya lanƙwashewa ya koma cikin fata ya yi ƙurji. Alamar da ke raba gardama ita ce farare da baƙaƙen toshewar nan: idan babu su ko ɗaya, a sake tunani.

Magani

Tushen maganin kowane irin ƙurajen fuska shi ne dangin retinoid na shafawa, wato adapalene ko tretinoin. Su ne ke hana toshewar tun daga farko, kuma suna taimakawa wajen goge tabo. Tretinoin ya daɗe, tun 1971 aka amince da shi a Amurka. Adapalene mai ƙarfin 0.1% ya fi sauƙi ga fata, shi nake farawa da shi. Yadda ake shafawa shi ne rabin aikin. Da dare ki wanke fuska da abin wanki marar kaifi, ki bari ta bushe sarai, kamar minti ashirin. Ki matso wanda bai wuce ƙwayar wake ba, ki ɗiga a goshi, kumatu biyu da haɓa, ki baza ko'ina, ba a kan ƙurji kaɗai ba. Ki kauce wa gefen ido, kusurwar hanci da leɓe. Ki bi da man da ke sanyaya fata marar toshe ƙofofi. Makonni biyu na farko dare biyu ko uku a mako, sannan ki ƙara a hankali. Ɗan ɓawo da bushewa a farko ba abin tsoro ba ne. Raɗaɗi da kumburi kuwa alama ce kin yi sauri, ki ja baya. A fata mai duhu wannan ya fi muhimmanci, domin haushin da magani ya ba fata shi ma yana barin baƙi.

Da safe sai benzoyl peroxide. Yana kashe bakteriyar, kuma har yau ba ta koyi jure masa ba. Mai ƙarfin 2.5% ko 5% ya wadatar, na 10% ba ya ƙara aiki sai ƙarin bushewa. Ga mai fata marar juriya, nau'in da ake wanke fuska da shi a bar shi minti biyu a ɗauraye ya fi daɗi. Yana cinye launin tawul da rigar matashi, ki yi amfani da farare. Azelaic acid mai ƙarfin 15% ko 20% shi ma zaɓi ne mai kyau, yana rage ƙuraje da baƙin tabo tare, kuma mai juna biyu ma na iya amfani da shi.

Antibayotik da kika sha sau da dama, ga matsalarsa. Doxycycline da danginsa suna aiki ne ta rage kumburi da bakteriya, ba sa hana toshewa. Idan aka sha su kaɗai, ana dainawa abin ke dawowa, kuma kowane zagaye yana ƙara horar da ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Ƙa'idar ita ce a sha na wata uku zuwa huɗu, tare da retinoid da benzoyl peroxide, sannan a daina shan a ci gaba da shafawa. Ana shan doxycycline da cikakken kofin ruwa, ba a kwanciya nan take, domin yana iya ƙona maƙoshi. Clindamycin, antibayotik na shafawa, shi ma ba a amfani da shi shi kaɗai.

Ga mace mai irin siffar da kika bayar, abin da ya fi dacewa a ganina shi ne maganin da ke taɓa homon. Hanya ɗaya ita ce ƙwayar tsarin iyali mai homon biyu, wadda ke rage androjin da ke yawo a jini, kuma tana ɗaukar wata uku zuwa shida kafin a ga cikakken aikinta. Ba kowa ake ba ba: mai hawan jini, mai tarihin daskarewar jini, mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, da mai shan taba da ta kai 35, duk an hana su. Hanya ta biyu ita ce spironolactone, tsohon maganin hawan jini da ke tare androjin kafin ya isa jakar maiƙo. Ana farawa da miligiram 50 a rana, a kai 100 idan jiki ya karɓa. Wani babban gwaji da aka yi a Ingila da Wales a kan mata manya, aka wallafa a 2023, ya nuna ya fi ƙwayar gwaji wadda ba ta da magani a ciki, kuma bambancin ya fi fitowa a wata na shida. Yana iya sa yawan fitsari, jiri, ciwon nono ko rikicewar al'ada, yana kuma ɗaga sinadarin potassium, don haka mai ciwon ƙoda ko mai shan wasu magungunan hawan jini sai da gwaji. Ba a shan sa da ciki. Ban cika ganin maganin da ke faranta ran mata masu ƙurajen haɓa kamarsa ba, amma dannewa yake yi, idan aka daina suna iya dawowa.

Idan duk wannan bai yi ba, ko ƙurajen suna barin rami, sai isotretinoin, wanda aka fara amfani da shi a 1982. Shi kaɗai ne ke taɓa dukkan abubuwa huɗun nan, yana ƙanƙantar da jakar maiƙo, kuma mutane da yawa suna samun sauƙi mai ɗorewa bayan watanni biyar zuwa takwas. Ana auna shi da nauyin jiki. Kusan kowa leɓensa zai bushe ya tsage. Ana duba hanta da kitsen jini, ana kuma lura da yanayin zuciya da tunani. Babban haɗarinsa shi ne yana nakasa ɗan tayi ƙwarai. Dole a tabbatar babu ciki, a ɗauki ingantacciyar hanyar hana ɗaukarsa tun wata guda kafin farawa har wata guda bayan gamawa. Ba a haɗa shi da doxycycline, ba a ba da gudummawar jini ana shan sa. Kada ki karɓe shi daga hannun kowa sai likitan da zai riƙa bibiyarki.

Tunda kina cikin shekarun haihuwa, wannan ya zama a sarari: idan kina da ciki ko kina nema, babu adapalene, babu tretinoin, babu doxycycline, babu spironolactone, babu isotretinoin. Abin da ya rage shi ne azelaic acid, benzoyl peroxide, da wasu antibayotik da likita zai zaɓa.

Babban ƙurji ɗaya mai zafi da ya ƙi kwantawa, likitan fata na iya yi masa 'yar allura a ciki ya faɗa cikin kwana biyu ko uku. Matsewa kuwa ba ta fitar da komai daga irin wannan, sai dai ta fasa shi ta ciki ta ninka tabon. Ƙanƙara a cikin tsumma na 'yan mintoci tana rage zafin.

Tabon

Na san sau da yawa tabon ya fi ƙurajen ciwo a zuciya. Ki shafa yatsa a kai. Idan wurin a shafe yake, launi ne kawai ya canza, to kumburi ne ya sa fata ta zuba launi da yawa, kuma zai tafi, ko da yake yana ɗaukar watanni, masu zurfi har fiye da shekara. Retinoid da azelaic acid suna hanzarta shi. Rana tana ƙara masa duhu, don haka man kariya daga rana mai lambar SPF 30 ko sama a jikin kwalbarsa kowace safiya wajibi ne ko da fatarki baƙa ce, kuma mai ɗan launi ya fi tare hasken da ke ƙara baƙin. Hydroquinone yana aiki, amma na 'yan watanni ne a ƙarƙashin kulawa, domin daɗewa a kansa na kawo wani baƙi-shuɗi mai wuyar fita. Idan kuwa rami ne ko tudu, babu man da zai cike shi. Wannan aikin hannu ne a asibiti, da ƙananan allurai, ko yanke zaren da ke jan fatar ƙasa, ko leza, kuma ba a farawa sai ƙurajen sun tsaya. Bin tabo alhali sababbin ƙuraje suna fitowa wahala ce kawai.

Duk abin da na faɗa daga rubutunki na gina shi. Ban ga fuskarki ba, ban taɓa fatar ba, kuma abin da ke raba waɗannan cututtuka sau da yawa sai ido da haske. Magungunan sha da na ambata duk suna buƙatar wanda ya san lafiyarki ya rubuta. Kafin ki samu ganin likitan fata, ki ajiye man haɗin idan ba ki kai watanni kina shafa shi ba, ki tsaya kan abin wanki guda marar kaifi safe da dare, da man sanyaya fata, da man rana. Ki ɗauki hoton fuskarki a wuri ɗaya da haske ɗaya kowane mako, ki rubuta ranakun al'adarki da ranakun da ƙurajen ke tashi. Ranar zuwa asibiti ki zuba duk abin da kike shafawa a fuska da gashi da duk abin da kike sha a jaka ɗaya, har da man haɗin da kwalbarsa, ki kai masa ya gani.